Wa ke ƙoshi, wa ke komawa gida da yunwa ran Lahadi?

Istifanus: Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Majami'u da dama a cikin garin Katsina yanzu sujada biyu suke yi ran Lahadi, ta Turanci da ta Hausa, tamu ma haka. Ba ni da ja da wannan. Amma ku duba: nazarin Littafi na tsakiyar mako da Turanci ake yi, darasin makarantar Lahadi na yara da Turanci, baƙon mai wa'azi in ya zo sashen Turanci ake kai shi. Ranar haɗaɗɗiyar sujada kuwa, wadda ita ce ranar jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da Almasihu, sai a yi wa'azin kusan awa guda da Turanci, a ƙarshe a ta da wani ya taƙaita da Hausa cikin minti biyar. Iyayenmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka suna zaune suna kallon bakin mai wa'azi. Sa'an nan mu miƙe mu rera cewa mu ɗaya ne cikin Almasihu. Jama'ar da rabinta ya ƙoshi rabi ya tashi da yunwa, za a ce da ita ɗaya? Kada a kama sunan majami'a ko na fasto, don Allah.

Maman Alheri: Allah ya yi maka albarka, ɗana. Mu a Zumuntar Mata mun gaji da faɗa.

Ɗanjuma: Malam Istifanus, ni a ganina mun cika ɗora wa bagade laifi. Wanda ya jira sai Lahadi zai ci abincin ruhu ai shi ya so wa kansa rama. Manna ma, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, kowace safiya ake fita a tsinta, Fitowa 16, ba a ajiye ta ta kwana sai ta jajibirin Asabar. Yanzu ga waya a hannun kowa, ga wa'azi iri-iri a YouTube da Facebook, ga Littafi Mai Tsarki na Hausa na saurare. Ni abin da nake samu a waya cikin mako ya fi abin da nake samu a majami'a, gaskiya ke nan.

Maman Alheri: Ɗanjuma, wace wayar? Tsohuwar da ta baro gonarta da rumbunta a yankin Ƙanƙara ko Faskari, tana raɓe a ɗakin ƙanenta, ita za ka ce ta sayi data? Abin da za ta ci da rana ma sai an yi dabara.

Ɗanjuma: Mama, ban musa ba. Amma matasa fa? Su ne ke guduwa daga sujadar Hausa, suna cewa kullum abu ɗaya ake maimaita musu: ku bar sata, ku bar giya, ku ba da zakka. Ibraniyawa 5:12 zuwa 14 ta tsawata wa waɗanda ya kamata a ce sun zama masu koyarwa amma har yanzu madara suke sha. Sai yaushe za a ba mu abinci mai tauri?

Maman Alheri: Ni na yaye 'ya'ya, na taya yaye jikoki. Ba a cire yaro daga nono yau a miƙa masa ƙashi gobe, kunu ake fara ba shi, kuma uwar da ta san cikinsa ita ke damawa. Wancan na cikin waya bai san sunanka ba, bai san matarka ba ta da lafiya ba, ranar da ka yi rashi ba zai zo gaisuwa ba. Amma inda ka ce ana maimaita abu ɗaya, nan kam na ba ka gaskiya. Mu ma da ba mu yi boko mai zurfi ba muna da kwanyar ɗaukar Romawa da Ibraniyawa in an zauna an koya mana. Raina mu ake yi.

Emeka ɗan Katsina: Ku bar ni in sa baki. Ni a nan aka yanke mini cibiya, wajen Ƙofar Ƙaura na tashi, Hausata ta fi Ibona. Amma ranar da na shiga sujadar Hausa sai wata baiwar Allah ta ce mini, "Oga, kun yi ɓatan kai ne? Taku an tashi." Da dariya ta faɗa, na sani, amma ta shige ni. Ba sashen Hausa kaɗai ke jin baƙunci ba. Kuma a sashen Turanci akwai 'yan bautar ƙasa da ɗalibai da ma'aikatan da aka turo daga kudu, ko "ina kwana" ba su iya ba. In aka mai da komai Hausa su ne za su tashi da yunwa.

Istifanus: Emeka, ban ce a mai da komai Hausa ba. Kuma abin da aka yi maka bai dace ba ko kaɗan.

Dattijo Haruna: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ina cikin dattawa, bari in faɗi namu. Ba ƙiyayya ba ce. Fasto ɗaya ne, ga sujada biyu, ga ziyarar asibiti, ga jana'iza, ga sulhunta ma'aurata. Kayan koyarwa na Turanci sun fi samuwa, a bugun waya ɗaya an aiko. Masu iya fassara wa'azi tsaye, jimla bayan jimla, ba su da yawa, waɗanda suka iya ɗin ma ba sa son tsayawa. In kuma aka fassara duka, wa'azin minti arba'in ya zama awa da kwata, a zafin watan Afrilu, ƙarƙashin kwano, ba wuta. Ku ne za ku fara duba agogo.

Rifkatu: Baba, da girmamawa, akwai abin da ba ku faɗa ba. Baikon sashen Turanci ya fi kauri. Shi ya sa muryarsu ta fi ƙarfi a taro.

Dattijo Haruna: 'Yata, wannan magana ta yi nauyi.

Rifkatu: Ku gafarce ni, Baba, amma Yakubu sura 2 ba ni na rubuta ta ba. Mai zoben zinariya a ba shi kujera, matalauci a ce ya tsaya can.

Baba Rabaran: 'Ya'yana, na karanta duka. Ku ba tsoho wuri, hannuna ba ya sauri a wanga abu.

Wannan rigima ba a Katsina ta fara ba. Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikilisiyar farko ce a Urushalima, manzanni na nan da ransu, ba a daɗe da saukar Ruhu Mai Tsarki ba, sura 4 ta gama gaya mana cewa zuciyarsu ɗaya ce, ba mai cewa abinsa nasa ne. Duk da haka gunaguni ya tashi. Tsakanin su wa? Yahudawa masu jin Helenanci da Yahudawa masu jin Ibrananci. Sashe biyu, harshe biyu, bangaskiya ɗaya. A kan mi? A kan rabon abinci na kullum, ana tsallake gwaurayen masu Helenanci. Luka, marubucin littafin, bai ce da gangan ake yi ba. Mai yiwuwa masu rabon sun fi sanin gidajen nasu, kamar yadda Haruna ya ce kayan Turanci sun fi sauƙin samu. Amma cikin gwauruwa bai san da gangan ko ba da gangan ba.

To ku lura da abin da manzanni ba su yi ba. Ba su ce masu gunaguni ba su da ruhaniya ba. Ba su sa azumin kwana uku don a kori ruhun tsaguwa ba. Ba su ce ku yi haƙuri, sama ce gidanmu ba. Sun tara jama'a duka, suka ce ku zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Ku karanta sunayen a aya ta 5: Istifanas, Filibus, har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, wanda ma ba haifaffen Bayahude ba ne, shiga addinin ya yi. Duka bakwai sunayen Helenanci ne. Ni abin da nake gani a nan, masu rinjaye sun ɗauki ludayin sun danƙa a hannun ɓangaren da aka tsallake. Ba a ce ku zo mu ƙara muku ba, an ce ku karɓi rabon. Aya ta 7 kuwa ta ce maganar Allah ta yi ta haɓaka, har firistoci da yawa suka ba da gaskiya.

Don haka tambayar da zan yi wa kowace majami'a ita ce, a cikin masu tsara wanda zai yi wa'azi, da masu zaɓen littafin nazari, da masu riƙe da jaka, mutum nawa ne ke zama a bencin sujadar Hausa? In babu, kada a yi mamakin inda abincin ke tafiya.

Ɗanjuma, kai kuma. Gaskiya ne mutum ba da gurasa kaɗai zai rayu ba, kuma kowa ya buɗe Littafinsa da safe. Amma wannan Fitowa 16 da ka kawo, ka karanta aya ta 18: da aka auna, wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba. Bulus ya ɗauko ainihin ayar a 2 Korantiyawa 8:15 yana roƙon a taimaki matalautan Urushalima. Ko mannar ma ba cin kowa-tasa-ta-fishshe-shi ba ne.

Ɗanjuma: Na ji, Baba. Allah ya ƙara girma. Amma har yanzu ina nan a kan cewa koyarwarmu ba ta da zurfi.

Baba Rabaran: A nan ba mu da faɗa. Sai dai zurfi ba yawan manyan kalmomi ba ne. Mutanen Koranti sun fi kowa baye-baye, amma Bulus ya ce da su jarirai ne, madara ya ba su. Mi ya sa? 1 Korantiyawa sura 3: wani na cewa ni na Bulus ne, wani ni na Afolos ne. Kishi da jayayya su ne alamar ƙuruciya a wurinsa. Yau in na ji matashi na cewa ni ɗan wane ne a ruhu, yana raina faston da ya yi masa baftisma, sai in tuna da wannan sura.

Malam Ayuba: Baba ya taɓo Koranti, bari in ƙara, don a can ne maganar Istifanus ta fi zama daram. A lokacin ba su da ginin majami'a, a gidajen masu hali ake taruwa, kuma jibin Ubangiji cikin cin abinci na sosai ake yinsa. Masu sukuni su zo da wuri da girkinsu su ci su sha, bayi da 'yan ƙwadago ba sa samun tashi daga aiki sai can, su iso an share kwanuka. Shi ne Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 11:21, wani na jin yunwa wani ya bugu, har ya ce musu abin da kuke ci ba jibin Ubangiji ba ne. Ya ce suna raina ikilisiyar Allah, suna kunyata marasa shi.

Mu kullum in an karanta "kowa ya gwada kansa" sai mu rufe ido mu tuna zunubanmu na ɓoye. Yana da kyau. Amma zunubin da ke gaban Bulus a wannan sura na fili ne, cin gaban ɗan'uwa. Kuma ku ga maganin da ya bayar a aya ta 33, ba wani dogon tsari ba ne: in kun taru cin abinci, ku jira juna. Dattijo Haruna ya ce fassara za ta tsawaita wa'azi. Haka ne, za ta tsawaita. Ni ina ganin wannan rabin awar da mai jin Turanci zai zauna yana gumi ana maimaita wa tsohuwa abin da shi ya riga ya fahimta, ita ce jiran junan. Mai wa'azi kuma ya rage surutu. Wanda ya ce gara ya faɗi kalma biyar da za a gane da dubu goma da ba za a gane ba, ai shi ne dai Bulus ɗin, a sura 14.

Katikis Bitrus: Salama daga Malumfashi. Ni Katolika ne, amma maganar ta shafe mu. Mu ma mun sha wannan, namu ma ya fi tsanani, don ɗaruruwan shekaru da Latin ake Mas, wato babbar sujadarmu, kusan a ko'ina. Sai a babban taron Batikan na biyu, 1962 zuwa 1965, aka buɗe ƙofar yin ibada da harshen jama'a. Yau a ƙauyukanmu da Hausa muke yi, da ganga da shantu. Kuma tun da Paparoma Faransis ya kafa dayosis ta Katsina a 2023, aka cire ta daga ta Sakkwato, bishop ɗinmu na farko, Gerald Mamman Musa, ɗan nan Malumfashi ne.

Sai dai ina so in ce, abincin ruhu ba wa'azi kaɗai ba ne. A Yohanna 6 Yesu ya ce shi ne gurasar rai, ya ce namansa abinci ne na gaske, jininsa abin sha ne na gaske. Tsohuwar da ba ta gane wa'azi ba, in ta karɓi tarayya mai tsarki, wato jibin Ubangiji, ba ta koma gida hannu wofi ba.

Rifkatu: To Baba Katikis, tun da kun kawo ta, ga tambaya. Na je bikin ƙawata a cocinku, da aka zo tarayya aka sanar cewa waɗanda ba Katolika ba su zauna. 1 Korantiyawa 10:17 ta ce gurasa ɗaya ce, mu da yawa jiki ɗaya ne. Ina ɗayantakar?

Katikis Bitrus: 'Yata, ba wulaƙanci ba ne. Mu mun gaskata gurasar da ruwan inabin sun zama ainihin jiki da jinin Almasihu, kuma cin tarayya tare shaida ce cewa bangaskiya ta zama ɗaya a kan wannan. Tun da ba mu kai can ba, ba ma so mu yi ƙarya a gaban bagade. Baftismarki kuwa, in da ruwa aka yi cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, mun yarda da ita, 'yar'uwa ce ke. Kowace shekara daga 18 zuwa 25 ga Janairu muna makon addu'a don haɗin kan Kirista, saboda rabuwar tana mana ciwo.

Ɗanjuma: Wato mu 'yan'uwa ne amma ban da cin abinci. Manzo Bitrus ma haka ya yi a Antakiya, Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. Galatiyawa 2.

Malam Ayuba: Ɗanjuma, a yi adalci. Manzo Bitrus tsoron mutane ne ya sa ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba, ya san gaskiya ya take. Na Katikis bambancin koyarwa ne, kuma ba tsakaninmu da Katolika kaɗai yake ba. A 1529 Luta da Zuwingili, dukansu jagororin gyaran ikilisiya, sun zauna a Marburg ta ƙasar Jamus. Batu 15 aka tattauna, suka daidaita a kan 14, na ƙarshen, wato yadda Almasihu yake a cikin jibin, shi ya raba su. Har yau akwai majami'unmu da ba sa ba wanda aka yi wa baftismar yayyafi jibi. Abin da ya gagari waɗancan ba a wannan zaure za mu warware shi da daren nan ba. Amma namu na cikin gida, inda koyarwa ɗaya ce, fasto ɗaya, rufi ɗaya, ba mu da wannan uzurin.

Mai kula da zaure: A yi hattara 'yan'uwa, kada mu koma faɗan ɗarika. Wanda ya turo hoton zagin wani mai wa'azi na goge.

Baba Rabaran: Abu ɗaya zan ƙara don yaran da ba su sani ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, bayan wahalar shekaru da su Likita Mila na Zariya suka sha. Da shi aka yi bishara a ƙasar nan, a asibitin kutare na Babbar Ruga da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka riƙe, da ƙauyukan Maguzawa na wajen Malumfashi da Kafur da Matazu. Kuma ba Hausawa kaɗai ya ciyar ba. Mutumin Kagoro da na Filato da na Adamawa, kowa da harshen uwarsa, da Hausa suka iya yin sujada wuri ɗaya. Ikilisiyar ECWA da aka kafa a 1954, da tarayyar ikilisiyoyi ta TEKAN da ta biyo baya a 1955, wadda sunanta ma da Hausa yake, duk a kan wannan harshe suka tsaya. Abin da ya haɗa kakanninku shi ne yau jikoki ke jin kunyarsa, suna ce masa sujadar tsofaffi. Wannan yana ba ni baƙin ciki, ba zan ɓoye ba.

Rifkatu: Baba, ba kunya ba ce duka. Da yawanmu ba a koya mana karanta Hausa ba. Ina jinta, ina yinta, amma in aka ce in karanta Ishaya a gaban jama'a sai in yi ta tuntuɓe.

Maman Alheri: Ki zo ran Alhamis wurin Zumunta mu koya miki, ke kuma ki koya mana latsa wayar nan.

Emeka ɗan Katsina: CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, tun 1976 take da taken nan na Yohanna 17:21, domin dukansu su zama ɗaya. Amma ku lura, ba ma cika taruwa ba sai an taɓa mu, ko an zo zaɓe, ko ana rabon kujerun ziyarar ibada zuwa Urushalima. Tsoro ne ke tara mu, in ya lafa kowa ya kama gabansa. Ni dai ga nawa: in dattawa sun yarda, zan tsaya in yi fassara ranar haɗaɗɗiyar sujada, jimla bayan jimla. Sharaɗina ɗaya, wata ɗaya a yi wa'azin da Turanci in mayar Hausa, wata na biye a yi da Hausa in mayar Turanci. Kowa ya ɗanɗana jira.

Istifanus: Inyamuri ne zai fassara wa Bamaguje wa'azi da Hausa. Ikon Allah!

Emeka ɗan Katsina: Ka zo mu gwada karin magana, in ka kayar da ni na ba ka taya kyauta a shago.

Ɗanjuma: Fassara ba za ta gyara wa'azin da ba a shirya ba. In babu komai a ciki, sau biyu za mu ji babu komai.

Malam Ayuba: Wannan kuma muhawara ce ta wata rana, kuma ina bayanka a kanta.

Dattijo Haruna: Na ji duka, har da ta Rifkatu, ko da yake ban yarda cewa kuɗi ne ke juya mu ba. Batun fassara mai sauƙi ne, ina jin zai wuce. Batun Baba Rabaran na shigar da mutanen sashen Hausa cikin masu tsara wa'azi da riƙon jaka, wannan sai an bi tsarin zaɓe, ba ni kaɗai ke yankewa ba, kuma akwai waɗanda ba za su so ba. Istifanus, ka rubuto a takarda, ku sa hannu kai da Emeka da Mama, a ba magatakarda kafin zaman dattawa na ƙarshen wata.

Maman Alheri: Da Hausa za mu rubuta, Baba.

Dattijo Haruna: Ku rubuta. Sai dai magatakardan namu mutumin Binuwai ne, bai daɗe da zuwa ba. Emeka, ka haɗo da ta Turanci a baya.